Shuɗin Orval Stroud

Orval Stroud bai taɓa kafa allon hana shiga a dajinsa ba, ubansa ma bai kafa ba. Daji ne mai faɗi a bayan tudun da ke arewa da ƙauyenmu, nan cikin duwatsun Ozark, ga rafi, ga barewa kamar ka kama da hannu. Duk mai son farauta a ciki sharaɗi ɗaya ne: ya tsaya a ƙofar gida ya ƙwanƙwasa. Orval zai fito da butar gahawa, ya dube ka daga hula har takalmi kamar bai san ubanka ba, sannan ya ce, "Ka rufe mini ƙyauren shanu." Izinin ke nan. In ka dace, ka biyo ka ajiye masa naman gadon baya. In ba ka dace ba, ka biyo dai a yi maka dariya.

Sunana Nadine, ni ce mai ɗan shagon abincin da ke bakin hanya, inda maharba ke karyawa kafin su hau tudu. Na daɗe ina zuba wa mazan garin nan gahawa, na san halinsu ciki da bai. Za su ara maka tarakta, su ciro maka mota daga taɓo, su haƙa kabarin uwarka ba ka roƙe su ba. Abu ɗaya ne ba za su yi ba ko za a yanka su: su tambayi mutum dalilin abin da ya yi a kan ƙasarsa. A wajenmu wannan rashin kunya ce. Mu muna kiran abin mutunci, amma ni na ga ranar da ya zama wauta tsagwaronta.

Orval mutum ne dogo, mara yawan magana, mai kiwon 'yan shanu da sayar da itace. Matarsa Wilma ce bakin gidan. Ita ke hira da baƙi, ita ke cefane, ita ke jera masa kayan da zai sa ran Lahadi. Amininsa kuwa Doyle Pruitt ne, makanike, gajere mai surutu kamar rediyo. Tun suna firamare suke tare kamar hanta da jini, kuma ba a taɓa ganin Orval ya shiga daji da bindiga ba tare da Doyle ba. Orval ya fi kowa iya saiti, amma da zarar ya harbi barewa sai ya tsaya ya cusa taba a lofe, Doyle ya sunkuya ya bi ɗigon jini a kan ganye har inda ta faɗi. Mutane na tsokanar Orval, wai sarki ya yi harbi, bara na bin sawu. Doyle sai ya ce, "Ku ƙyale ɗan sarauta, bayansa ba ya lanƙwasuwa."

Wilma ta rasu da bazara, a shekarar da 'yan majalisar jiha suka yi dokar fenti. Dokar ba muguwa ba ce, kowa ma ya yi na'am da ita. Da can in kana son rufe dajinka sai ka sayi alluna ka bi itatuwa kana kafawa, 'yan birni kuma su zo su koyi harbi a kansu, iska ta kwashe saura. Sai doka ta ce shafa fentin shunayya a jikin itatuwan iyaka, layi a tsaye daidai ƙirjin mutum, ya wadatar. Wanda ya tsallaka bayan ya gani, shi da alƙali. Wato an ba fenti baki, yana iya cewa "kada ka shigo" ba tare da mai ƙasa ya buɗe nasa bakin ba.

Shi kuwa Orval tun zamanin ubansa akwai al'adarsu ta sabunta iyaka da shuɗin fenti duk bayan 'yan shekaru, don masu saran katako na maƙwabta su san inda za su tsaya. Shuɗi ba ya hana kowa shiga, alama ce kawai. Da kaka ta gabato a wannan shekara, aka ga Orval a kantin kayan gona ya ɗauki kwali guda na gwangwanayen fentin fesawa daga tarin da aka jibge a bakin ƙofa, masu murfin shunayya, ya biya ya fita. Mai kanti bai tambaye shi dalili ba. Kafin Orval ya isa gida labari ya riga shi zuwa shagona.

"Orval ya rufe daji."

Doyle na zaune yana cin fanke. Ya ce ƙarya ce, sai ya gani da idonsa. Bayan 'yan kwanaki ya hau motarsa ya zagaya ta hanyar bayan tudu, ya dawo ya zauna a kujerarsa, fuska ba annuri. Na zuba masa gahawa na ce, "To, ka je ka tambaye shi mana."

"In tambaye shi me? Ƙasarsa ce, Nadine. Mutum ya binne matarsa, ba ya son hayaniya. In je in sa shi ya faɗa mini da baki?"

"Kai fa amininsa ne."

"Shi ya sa. In da yana son ya cire ni daga hanin, ya san hanyar garejina."

Ranar da hukuma ke buɗe farauta ta zo cikin Nuwamba, ba wanda ya shiga dajin Orval. Motoci suka wuce ƙofarsa a hankali, kowa ya ɗaga hannu daga sitiyari, ba wanda ya tsaya. Doyle ya tafi dajin gwamnati mai nisa, inda maharba suka fi barewa yawa, ya dawo hannu rabbana da tari a ƙirji. A coci sukan haɗu, wannan ya gyaɗa kai, wancan ya gyaɗa kai, kowa ya nufi motarsa. Tsofaffi biyu masu furfura suna gaba irin ta yara, alhali ba wanda ya zagi wani. Abin ya riƙa ci mini rai, amma ni ma 'yar garin ce, na ja bakina na yi shiru.

Tarin Doyle bai tafi ba. Kafin wata kakar ya rufe gareji, yana yawo da 'yar tukunyar iskar numfashi da roba a hanci. Matarsa Verna ta tsaya a bayan shagona ta gaya mini abin da likita ya ce, ba ta yi kuka ba, sai murza zoben hannunta take yi. Doyle kuwa kullum ya zo sai ya zaɓi kujerar da ke kallon tudun arewa. Surutun nan duk ya ƙare.

Ran nan na ce mutunci ya ci ƙaniyarsa. Na rufe shago da rana tsaka, na naɗe fanke a tawul, na hau tudu. Na sami Orval yana faskare a tsakar gida, ya rame, rigarsa da wandonsa ba su san juna ba.

"Baba Orval, tambaya na zo yi, in ka ga dama ka kore ni. Me mutane suka yi maka ka rufe daji?"

Ya ajiye gatari. "Wa ya rufe daji?"

"Kai mana."

"'Yar nan, ni na rufe daji, ko su suka daina zuwa? Ranar buɗewa na dafa gahawa buta biyu, na zauna a barandar nan har ta huce. Ina ganinsu suna wucewa suna ɗaga mini hannu kamar ɗan siyasa." Ya kau da kai. "Na ce ashe don Wilma suke tsayawa. Ban ga laifinsu ba. Ni me ke gare ni na hira?"

Na kama hannun rigarsa na ja shi har bakin hanya, wurin wani babban itace, na nuna masa layin da ke jikinsa. "Wannan fa?"

"Iyaka ce. Shuɗin da muke shafawa tun ba a haife ki ba."

"Baba Orval, wannan shunayya ce."

Ya matsa kusa, ya sa yatsa a kan fentin kamar zai ji launin a fatarsa. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. Ya ce shi tun haihuwa idonsa ba ya raba ja da kore, shuɗi da shunayya kuwa duk abu ɗaya ne a wurinsa. Ya ɓoye saboda kunya, don a garin maharba ba a son a ce idonka na da aibi. Wilma ce ke sayo fentin duk shekarun nan, ta ajiye masa a rumbu, shi dai nasa shafawa. Ya san da dokar sarai, har ya yaba mata. Bai taɓa kawowa a ransa cewa shi ya fara aiki da ita a ƙauyen ba.

Tausayinsa ya kama ni. Shi kuwa ya shiga rumbu ya ɗauko gwangwani ɗaya da ya rage, ya ce, "Kai ni gidan wancan gajeren."

Mun sami Doyle a kujera a baranda, bargo a gwiwa. Orval bai yi sallama ba, ya dangwara masa gwangwanin a cinya.

"Kai mai ido, wane launi ne wannan?"

Doyle ya dubi murfin, ya dubi Orval, ya sake duban murfin. Sai dariya ta ƙwace masa, ta koma tari, har Verna ta fito da gudu. Da ya samu numfashi ya ce, "Amma kai dai an yi tsohon banza! Shekara guda ka hana ni daji saboda makantarka?"

"Kai kuma bakinka ciwo yake da ba za ka hau tudu ka tambaya ba? Surutu kamar aku, ranar amfani ka zama kurma."

"Kai ƙafarka karyewa ta yi?"

Dariyar ta bar fuskar Doyle. Ya juya gwangwanin a hannunsa ya ce, "Orval, duk garin nan ba wanda ya san idonka sai ni da Wilma. Tun muna samari nake bin maka jini don kada a gane ba ka ganinsa a kan ganye. Ni ya kamata in fara tunawa. Amma na ga fenti, sai na yarda da fenti."

A ranar na fahimci tsayuwar nan da lofe da muke yi wa dariya. Orval ya jawo kujera ya zauna kusa da shi. Ni da Verna muka shige ciki muka bar su.

Fenti ba ya fita daga ɓawon itace ta daɗi. Ni na zaɓo masa shuɗi na gaske a kanti, na sa mai kanti ya rubuta sunan launin da manyan baƙaƙe a jikin kwalin. Maza suka fito ranar Asabar suka bi iyaka suna kankarewa suna shafawa, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifin rashin tambaya. Dokar tana nan har gobe, itatuwa masu shunayya kuma sai ƙaruwa suke yi a gundumarmu, musamman inda baƙi suka sayi ƙasa. Ba na jin haushin kowa, haƙƙinsu ne. Sai dai duk wanda na wuce nakan ce a raina, ko akwai wanda ya ƙwanƙwasa ya ji daga bakin mai shi.

Ranar buɗe farauta ta wannan shekara Verna ta tuƙo Doyle har ƙofar gidan Orval. Ya sa rigarsa ta maharba mai ruwan lemo, ya jawo tukunyar iskarsa, ya hau matakalar baranda da ƙyar, ya ƙwanƙwasa. Bai zo da bindiga ba, ba zai iya ɗaga ta ba. Orval ya fito da buta, ya dube shi daga hula har takalmi.

"Ka rufe mini ƙyauren shanu."

A barandar suka wuni suna jin ƙarar harbin wasu daga cikin daji, Doyle na faɗin wanda ya dace da wanda ya ɓarar da harsashi. Shekarar da ta wuce ita ce ta ƙarshe da ƙafar Doyle za ta iya hawan tudun nan, dukansu sun sani, ba wanda ya faɗa. Doyle ya rasu kafin sanyi ya fita.

Da kaka ta zagayo na kai wa Orval fanke ranar buɗewa. Motoci sun cika bakin hanya, buta ta ƙare an sake ɗorawa, shi kuma yana zaune da kayan gida, bindigarsa na rataye a bango. Yanzu na koyi tambaya, don haka na tambaye shi ko ba zai shiga ba ne bana, ga barewa ta yi yawa har tana cin lambun mutane.

Ya dubi dajin ya ce, "In na harba, wa zai bi mini jinin?"