Gwiwar Hannu a Titin Brickfields

Jiya a titin Brickfields na ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar makaho. Na tuna dattijon cocinmu da ya rasu bara. Da idonsa ya mutu, ni nake tsallakar da shi titi, amma ba ya yarda a ja shi.

"Miƙo gwiwar hannu, 'yata, ni zan kama. Malaman ikilisiya na farko ma sun sha gardama: alherin Allah miƙo hannu yake yi, ko fizgar mutum yake yi?"

"In mutum ya saki fa, Baba?"

Yatsunsa masu sanyi suka matse ni. "Sau nawa na sake ki? Kin taɓa tafiya?"

Tun rasuwarsa addu'a ta gagare ni, ina tsoron na saki. Ubangiji, ka ba shi hutu. Ni kuma, kada ka janye hannunka.