Idon Baƙo a Fuskar Tanna

Kakata Tanna mai kitso ce a Barmu tun ba a haifi babana ba. Idonta na hagu ƙyanda ta cinye shi tana yarinya. Na dama shi ne jarinta, shi ma ƙaya ta taɓa soke shi ta bar farin tabo, daga baya tsufa ya shimfiɗa masa yana. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ta daina ganin tsagar kai, mata suka fara zame mata.

Ni Sadiƙu lokacin ina zaune, yajin aiki ya rufe lakwal, makarantarmu ta boko, ni kuma dama ba mu shaƙu da ita ba. Duk da haka ni na riƙe hannun Tanna zuwa Tawa, daga can aka tura mu Yamai wurin wasu baƙin likitoci. Suka ce aiki biyu za su yi a zama ɗaya: su cire yanar, sannan su yanke fatar gaban idon mai tabo su ɗinka wata, ta wani mutum da ya rasu a ƙasarsu.

"Mamaci?" in ji Tanna. "In ya zo biɗar abinai fa?"

Na ce, "Matata, ki yi guɗa, kin samu Bature da tsufanki."

Ba ta yi dariya ba. Har aka shiga da ita tana riƙe da bakin rigata.

Ranar da aka kwance ƙyallen ta daɗe tana ƙifce-ƙifce, can ta ce, "Wai kai ne? Ashe muninka ƙaruwa ya yi." Likita ya ba da maganin ɗigawa, ya ja kunne: ban da hayaƙi, ban da murza, ban da kwalli. Ya ce jiki yana iya ƙin baƙon, in ya ƙi shi ke nan.

Muka koma Barmu, mata suka cika gida da barka. Maƙwabciyarmu Hajaratu ta leƙa fuskarta ta ce, "Ke Tanna, ido fayau ba kwalli? Ko takaba kike wa mai idon?"

Aka kwashe da dariya. A wurinmu macen da mijinta ya mutu ita ce ke aje kwalli. Kakana Ciɗo yana zaure, ya ɗaga murya: "Da raina ake mini takaba cikin gidana?" Wasa yake, na san shi. Amma na ga Tanna ta sunkuyar da kai.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da Ciɗo, har ya bar fita masallaci. Tanna ta zauna gefen tabarmarsa tana kallonsa da idon wani, tana cewa, "Ni na jawo mishi. Na yi shigar takaba, mutuwa ta ji kira." Na yi mata bayani iyakar karatuna, ta ce in rufe mata baki. Ina can wajen ɗebo ruwa ta ɗauko tandunta ta rambaɗa kwalli.

Da gari ya waye idon ya yi jajir, yana zubar ruwa. Ta kira ni: "Sadiƙu, hayaƙin mi ne cikin ɗaki?"

Ba a ko hura wuta ba.

Motar kasuwa ta kai mu Tawa, Tanna ta ɗora tafin hannu a kan idon. Baƙin likitoci sun daɗe da komawa gida. Wani majo, babban malamin asibiti, ya wanke idon, ya haska, ya nuna mini wani fari-fari da ya taso daga gefen ɗinkin. Ya ce in ya kai tsakiya, sai dai sanda. Muka tare gidan wani ɗan'uwa, ina ɗiga magani, kowace safiya ina buɗe fatar idon ina dubawa.

Farin ya ci rabi ya tsaya dab da tsakiya. Yanzu sai ta karkata kai kamar kaza take ganin mutum, kitso kuwa na yara kaɗai take iyawa. Majo ya ce in aka kuma sa kwalli, babu sauran dabara.

Ciɗo ya warke tun muna Tawa. Tanna ta rantse kwallin ne ya tashe shi, rabin ido kuma ba tsada. Na jefa tandun bayan gari, amma kowace mace a unguwar tana da nata. Shi kuwa tsohon ya soma wani tari da damina, in ya yi sai in ga Tanna ta miƙe tana neman mayafinta za ta leƙa maƙwabta.