Inuwar Ƙarƙashin Kamiyo

Ni shofer ne, ko in ce da can. Tanoni, wato durom-durom na garin iraniyom, nake ɗauka daga Arlit zuwa kudu, cikin ayari, soja gaba, soja baya. Hanyar nan in ka bar gari ba bishiya, ba rumfa. Idan rana ta take sai mu tsaya, mu shimfiɗa tabarma ƙarƙashin kamiyo, wato babbar motar, mu yi azahar, mu dafa shayi, mu ɗan runtsa. Haka na tarar ana yi.

Wata shekara kamfanin jigilarmu ya haɗa mu da wata ɗaliba daga Yamai, wai an turo ta koyon aiki, tana binciken haɗarin ɗaukar kayan. Gaban motata aka sa ta. Yarinya mai ladabi, Baba take ce mini. Tana riƙe da wata ƴar na'ura mai kuka kamar gyare, ta auna gubar da iraniyom ke fitarwa.

Da muka tsaya wajen Dannet, ta durƙusa ta miƙa na'urar daidai inda nake sa kaina. Abu ya hau kuka ba tsayawa.

"Baba, tun yaushe kake kwanciya nan?"

"Tun ba a haife ki ba."

"Don Allah ka fito."

Abokina, wani Badamagare, ya ɗago kai daga tabarma ya ce, "Malama, in kin zo da bishiya cikin jakarki, fito mana da ita."

Aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Cikin rana ta zauna har muka tashi. A hanya ta ce mini za ta rubuta a gina mana rumfuna, kuma na tabbata ta rubuta. Rumfa dai ba mu gani ba. Doka ce ta zo: duk wanda aka kama ƙarƙashin mota, a bakin aikinsa.

Na daure, wallahi na daure. Amma cikin mota kamar tanda yake. Wata rana da bazara jiri ya ɗebe ni, na rarrafa na shige inuwar. Shugaban ayari ya ɗauke ni hoto da waya. Muna dawowa aka karɓe makulli.

Yanzu ina zaune Akokan, kusa da Arlit, tari ya hana ni sakat. Na je kamfanin in roƙi su kai ni asibiti. Suka buɗe hoton nan suka nuna mini, suka ce ai an hana, ni na ƙi ji.

Shekarun da na yi kwance wurin kafin dokar, ba wanda ya ɗauki hotonsu.