Gurbin da Na Samu a Shekarar da Citta Ta Ruɓe

Ina da shekara ashirin da 'yan kai na fara aiki a wani kemis a Kafanchan, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Mai shagon Inyamura ce, amma a garin aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin reluwe ne. Madam muke ce mata. Ba muguwa ba ce. Idan zazzaɓi ya kama ni, magani kyauta take ba ni, har farfesu takan kawo daga gida. Abin da ba ta iya bayarwa shi ne lokaci. Tun safe muke buɗewa, kuma ba ma rufewa sai ƙafa ta ɗauke a titi.

Daga Kwoi na zo. Babana malamin firamare ne da ya yi ritaya ya rungumi noman citta kamar kowa a wajenmu. Ni ce babba a gida, sai ƙanena namiji, sai 'yan mata biyu ƙanana. Da na gama sakandare sakamakona bai yi kyau a kimiyya ba, shi ya sa aka nema mini wannan aiki, ƙanena kuwa da ya gama tasa ya wuce jami'a kai tsaye.

Akwai wani mai haɗa magunguna da ke zuwa shagon wasu ranaku da yamma, wanda da lasisinsa ake gudanar da kemis ɗin. Wata rana na ji yana yi wa wata tsohuwa bayanin dalilin da ya sa bai kamata ta sha wasu ƙwayoyi biyu tare ba. Ni na san sunayensu, na san inda suke a kanta, amma ban san abin da suke yi a cikin jiki ba. Da tsohuwar ta fita na dame shi da tambayoyi, har ya yi dariya ya ce in ina son amsa sai in je jami'a in karanta famasi, wato ilimin haɗa magunguna. Da wasa ya faɗa, ni kuma na riƙe.

Na shiga wata makarantar share fage ta ƙarshen mako, inda ake koyar da kemistiri da fiziks da bayoloji ga irinmu masu son sake jarrabawa. Madam ta yarda ta bar mini safiyar Asabar, da sharaɗin in riƙe shago ranar Lahadi da yamma da kuma ranakun Kirsimeti. Don haka ranar Lahadi daga sujadar farko a coci sai aji, daga aji sai kanta. Na bar ƙungiyar mawaƙa a coci. Na daina zuwa bikin kowa. Wani malami ɗan Kachia da muka yi maganar aure da shi ya jira har ya gaji, ya auri wata, kuma ban ga laifinsa ba. Da asuba nake karatu kafin in ɗebo ruwa, da rana kuma in ɓoye littafi ƙarƙashin kanta, in karanta layi biyu, a zo neman farasitamol, in dawo na manta inda na tsaya. A sakandarenmu ba mu taɓa ganin ɗakin gwaje-gwaje ba, a allo malami yake zana mana kwalba, saboda haka komai daga tushe na faro.

Karo na farko na gyara sakamakon sakandare, amma makin jarrabawar shiga jami'a bai kai ba. Karo na biyu ya kai, na je na yi ta tantancewa, sai aka ba ni gurbi a nazarin tsirrai. Kowa ya ce in karɓa, digiri digiri ne. Na ƙi. Na koma aji na zauna da yaran da na girme su nesa ba kusa ba, suna ce mini Anti.

A karo na uku, wajen ƙarshen damina, na je kafen intanet da rana na duba, na ga an ba ni famasi. Na sa mai kafen ya sake karanta mini, don ban yarda da idona ba. Ban gaya wa Madam ba. Ranar Asabar na hau okada na nufi Kwoi, don ina so babana ya fara ji daga bakina.

Tun a hanya na ga gonaki sun yi rawaya kamar an zuba musu ruwan zafi. Na ji labarin cutar citta a bakin masu zuwa shago, amma ban ɗauka ta kai haka ba. A gona na sami Baba. Ya tuge gindi ɗaya ya miƙo mini, cittar ta narke a hannuna tana wari. Duk gonar haka take, har da wadda ya ware don iri. Duk da haka na gaya masa labarina a nan tsaye. Ya cire hula ya yi godiya ga Ubangiji, ya ce in zo mu je gida.

Washegari bayan sujada aka zauna a tsakar gida: Baba, Mama, da kawuna, wanda dattijo ne a ikkilisiya. Kawu ne ya yi yawancin maganar, da yarenmu, a hankali, kamar mai wa'azi. Ya ce bana ba citta, fanshon Baba kuwa sai an ga dama ake biya. Ƙanena saura masa shekara biyu ya gama injiniya, ba za a cire shi a tsakiyar kogi ba. 'Yan matan suna sakandare. Albashina ne kaɗai abin da ke shigowa gidan kowane wata, famasi kuwa ba a yin ta da rabin lokaci, sai na ajiye aiki na shekaru. Ya ce jami'a ba ta gudu, kuma mai haƙuri yakan dafa dutse.

Na ce ina da ɗan abin da na tara na rajista. Kawu ya ce ai shi ma suna so a yi maganarsa, saboda makarantar ƙanena ta kusa komawa.

Na juya wajen Baba. Shi ne ya koya mini karatu a kan cinyarsa, shi ne yake cewa 'ya mace da namiji ɗaya suke a gidansa. Na ce, "Baba, kai me ka ce?"

Ya ce, "'Yata, ki ba ni shekara ɗaya. Ɗaya kawai."

Mama tana share hawaye da bakin zani. Da Baba ya yi mini tsawa ne, da na sami abin riƙewa in yi gardama. Roƙona ya yi, ni kuwa ban san yadda ake ce wa uba a'a ba idan ya yi roƙo.

Na dai yi tafiya har jami'ar in ji ko za a ajiye mini gurbin zuwa baɗi. Wata mata a ofis ta yi mini bayani da kirki cewa sai wanda ya yi rajista ake ɗage wa karatu. Abin rajistar kuwa ya riga ya tafi a kuɗin makarantar ƙanena. Na tsaya a gaban ginin sashen ina kallon ɗalibai da fararen riguna suna fitowa, sannan na nemi motar Kafanchan.

Da na gaya wa Madam, ta ce, "Sannu, Allah ya san abin da ya sa." Ta ƙara mini albashi a watan, ta kuma ce tunda na gama da makarantar nan, sai in dawo aikin safiyar Asabar.

Shekara ɗayar ba ta tsaya a ɗaya ba. Da damina ta zagayo irin citta ya yi tsadar da Baba bai iya saye ba, ya shuka masara da kurkum. Bayan nan hawan jini ya kama shi. Makin da na samu ya mutu da shekararsa, kuma ban sake samun ƙarfin zuciyar komawa aji ba. Littattafan na bai wa ƙanwata mai bin ƙanena.

Ƙanena ya gama. Aka yi sujadar godiya a Kwoi, ni na sayi shinkafa, ni na tsaya a kan tukunya tun da sassafe. A coci Baba ya miƙe ya gode wa Allah, ya gode wa fasto da zumuntar mata da suka riƙe gidanmu da addu'a. Ƙanena ya gode wa iyayensa da malamansa da Kawu. Ina zaune a layin baya da warin hayaƙi a jikina, ban ji an ambace ni ba. Ba na jin da gangan suka yi. Sun saba ne kawai, kamar yadda ba a gode wa rijiyar gida.

Da ana rabon abinci ƙanena ya same ni a bayan gida, ya ce, "Sista, yanzu saura ke. Ki sake nema mana."

Na tambaye shi wa zai riƙe gidan. Ya ce da zarar ya sami aiki. Na zuba masa shinkafa na ce ya kai wa baƙinsa. Har yau yana Sabon Tasha wajen wani abokinsa yana neman aikin.

Ina nan a kemis ɗin. Yanzu ni ke riƙe makullin sito, ni ke koya wa sababbin yara aiki. Duk ƙarshen wata nakan je Kwoi in kai wa Baba maganin hawan jini, in auna shi, in tambaye shi ko yana rage gishiri. Bai taɓa tayar da maganar shekarar nan ba, ni ma ban tayar ba. Mukan zauna a ƙarƙashin mangwaro mu yi hirar tsadar taki da wanda ya rasu a unguwa, idan rana ta yi sanyi in nemi okada in koma.