Goron da Bai Kai Sofoline Ba

Ƙanena ya yi wata uku yana koyon rubuta manhajar kwamfuta a wani shago kusa da jami'a, ya dawo gidanmu na Ayigya Zango yana yi wa biro da takarda kallon kayan kakanni. Da matarsa ta haihu, ya ce kwamfuta ce za ta fitar masa da jerin gidajen dangin da za a kai wa goron suna. A wurinmu kuwa, gidan da goro bai shiga ba ba a gayyace shi ba, ko an buga waya sau goma.

Zagaye biyu na ƙirga ya rubuta a manhajar, ɗaya cikin ɗaya. Babban yana bin unguwanni, ƙaramin yana bin gidajen kowace unguwa. Sai ya ajiye lambar da ke ƙirga gidajen can sama, wajen zagayen duka biyun. Da aka gama gidaje goma sha biyu na Moshi Zango, lambar ta tsaya a sha biyu, ba ta koma sifili ba. Gidajen danginmu na Sofoline biyar ne. Kwamfuta ta ga an wuce biyar tuni, ta rufe aiki ba ko tari.

Saura kwana biyu suna na ga goro ya yi ragowa a kwando. Na karɓi na'urar, da yake lissafi nake koyarwa, na bi layukan da yatsa. Na sauko da layin lambar cikin babban zagaye, don kowace unguwa ta fara ƙirga daga farko. Gidaje biyar suka fito, na gwaggonmu a kan gaba.

"Yaya, ai layi ɗaya ne kawai," in ji shi.

"To sa takalmi, ka je ka gaya mata."

Muka ɗauki goro, muka hau motar haya ta turoturo tare. Gwaggo ta saurari bayanin zagaye har ƙarshe, ba ta taɓa goron ba.

"Na Moshi Zango tun Litinin suka ci nasu," ta ce wa ƙanena. "Ita na'urar ba ta san ni ba, ban riƙe ta ba. Kai fa, da na goya har zanina ya yage?"

Ranar suna ta zo bayan an yanka rago, ta zauna a bencin maƙwabta. Aka yi aka yi ta shiga ɗakin mai jego, ta ce baƙo ba ya wuce tsakar gida.