Naɗin Bahago

Nana Miniang yayar mahaifiyata ce, kuma ita ta koya min naɗin taba a ƙauyenmu na Ilokos. Shekara hamsin suna zama a benci ɗaya ita da mijinta Tata Ambo, suna naɗi suna tsiya. Ya ce nata kamar rogo, ta ce nasa kamar jelar ɓera. Haka suka tsufa.

A watan da zai rasu ya lallaɓa ya naɗa mata kara bakwai. Ta jera su a tulun ƙasa, ta ɗaure bakin da ganyen ayaba, ta tura lungun da rana ba ta kaiwa. Duk shekara ranar ziyarar kaburbura sai ta ɗauki ɗaya, ta zauna a gefen kabarinsa, ta sha rabi ta ajiye masa rabi. Bana saura ɗaya tak.

Sai ga 'yarta Perlita ta dawo hutu daga aikin da take yi a Hong Kong, ta saya wa uwar sabon firiji. Ta leƙa tulu, ta ga abin ubanta cikin duhu, tausayi ya kama ta, ta mayar da shi firiji gefen kifi. Ɗiyar manaɗa fa! Kwana goma kafin a ankara. Sanyi ya zuƙe danshin tas, ganyen waje da muke kira riga ya bushe ya fara warwarewa. Ga ziyara saura kwana huɗu.

Wallahi na so in wanke Perlita tas, amma na tarar tana kuka, sai na haɗiye.

Na ce, "Nana, kawo in cire rigar in sa sabuwa. Wa zai gane?"

"Ni," in ji ta. "In kin canza, hannunki zan sha, ba nasa ba."

Ta mayar da karan cikin tulu, ta ajiye ɗanyen ɓawon ayaba a gefe, ba tare da ya taɓa shi ba. Ta ce busasshiyar taba ba a yi mata gaggawa, in ka jiƙa ta lokaci guda fashewa take. Kwana uku muna leƙawa kamar masu jinya.

Da ganyen ya yi laushi, sai ta miƙo min karan. Na dangwali ƙullun shinkafa da muke liƙi da shi, na murza dama kamar yadda na saba shekara talatin. Rigar ta ƙara buɗewa.

Ta make min hannu. "Ke! Kin manta mijin nawa bahago ne? Komai nasa a juye yake, har taurin kan."

Ta kama hannuna na hagu ta ɗora a kan karan, nata a kan nawa, muka bi sawunsa a hankali. Rigar ta kwanta lif. Perlita ta goge ido ta riƙe mana bakin har ƙullun ya bushe.

Ranar ziyara Nana ta ƙi wuƙa. Da farce ta ɗan tsaga kan, don kada ta wuce inda aka liƙe. Ta kunna, ta ja sannu. Ni dai idona na kan rigar, ina addu'a a zuci. Rigar ba ta motsa ba. Ta sha rabinta, ta ajiye masa nasa a kan siminti, ta ce, "Ga shi, jelar ɓera. Saura kaɗan 'yarka ta ba ka mai warin kifi."

A hanyar gida na kasa daurewa, na ce, "Nana, baɗi fa? Zan koyi naɗi da hagu in kina so."

Ta yi dariya ta jingina da kafaɗata. "Kada ki wahal da kanki, 'yar nan. Bakwai ya naɗa, kuma bai taɓa kuskuren ƙirga ba. Baɗi shi zai naɗa min da kansa."