Bijimin Alli da Malam Iliya Ya Bar Mini

Ina bin layin lodin siminti a Malbaza waya ta iske ni daga Konni cewa Malam Iliya mai zanen motoci ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna bakin taya ina istigfari, domin na san akwai haƙƙinsa a wuyana.

Ni mutum ne mai zargi, ko inuwata ban cika yarda da ita ba. Ran da na kai masa marfin bayan kamiyona, wato babbar motata ta kaya, na ce ya yi mini abu mai kyau kawai. Ya ce, "Alhaji, mai kyau ba launi na ba. Hwaɗa mini abin da ke ranka." Ya yi ta tambaya: wace hanya nake bi, wa zai karanta daga baya, mece ce sana'ar mahaifina. Na ce a raina, wannan leƙen asiri ne. Da ƙyar na ambata masa farin bijimin babana na Tajaye, mai karyayyen ƙahon hagu.

Marigayin ba ya taɓa fenti sai ya zana da alli, mai kaya ya zo ya ce ya yarda. Yakan ce gara a yi gardama kan alli da a yi ta kan fenti.

Bayan kwana biyu na ga farin bijimi a motar wani abokin hamayyata. Ban tambaya ba, na shiga tasha ina cewa Iliya ya sayar da maganata. Mako uku yana kirana ina ƙin ɗauka.

Bayan jana'iza ƙanensa ya kai ni rumfar aikin marigayin. Ya ce wancan bijimin tsohon aiki ne, tun bara. Ya yaye buhun da aka rufe marfina da shi. Ga bijimin babana da alli, ƙahon hagu a karye, a ƙasa an rubuta: "Sai mai shi ya gani."

Jama'ar tasha, ku shaida ƙazafi na yi masa. Malam Iliya, na gani, na yarda.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya bai wa iyalansa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ni kuma Ya sa ya riga ya yafe mini kafin ya cika. Amin.